A rubuta mana ranar mutuwar waya a jikin kwalinta

Gwaggona tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Ƙauran Namoda. Tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da aka sauya fasalin naira jama'a suka riƙa kwana a bakin banki, rabin cinikinta ya koma cikin waya. Mai saye zai tura kuɗi, ta ji ƙarar saƙo, ta miƙa wa jikarta ta karanta mata, sannan ta ɗauki kwalba ta auna. Ba ta yi boko ba, amma tana bambanta ƙarar alat da ta saƙon talla kamar yadda take gane kukan akuyarta a cikin awakin unguwa.

Kwanakin baya ta zo Gusau suna. Da aka watse bayan la'asar, ta kwance wayar daga cikin wata leda ta ɗora mini a cinya.

"Duba mani wagga waya, ɗan nan. Wani abu ya ɗare bisa kanta, kullum in na kore shi sai ya dawo, awa ƙuda."

Na duba. Sanarwa ce daga kamfanin da ya ƙera wayar, cewa akwai sabuntawar tsaro da ke jiran a sauke. Jikar ta ce tun kafin azumi take fitowa.

"Gwaggo, ai gyara ne aka aiko maki."

"Gyaran mi? Ni na ce masu ta lalace?"

Dariya na yi, amma ba tambayar dariya ba ce. Ita ce mafi yawanmu muke yi a zuci duk lokacin da muka ture sanarwar gefe. Waya tana kira, alat yana shigowa, hoto yana fita tas, to me za a gyara? Misalin yaɓe na kawo mata, domin a gidan ƙasa ta tashi, ta san ba a jiran katanga ta faɗi kafin a kira magini. Tun kafin ruwa ya sauka ake bin bango, a duba inda ya tsattsage, a kwaɓa ƙasa a toshe, a gyara indararo. Ɗakin yana tsaye, ana kwana a cikinsa lafiya lau, amma tsagar da ɗan yatsa ba zai shiga ba ita ruwan Agusta zai bi. Manhajar da ke tafiyar da waya ita ma gini ce, ginin rubutu mai miliyoyin layuka, kuma 'yan Adam suka rubuta ta, don haka ba ta rasa tsaga. Sai dai shi ruwa ba shi da wayo. Tsagar waya mutane ne ke nemanta da gangan, dare da rana, wasu don su kai rahoto a ba su tukuici, wasu don su shiga. Abin da ake aikowa a toshe ta da shi sunansa faci, kamar dai na taya, kuma shi ne ya ɗare bisa wayar Gwaggo.

Al'adar aiko faci duk wata ba ta daɗe ba. A watan Yulin 2015 wani mai bincike, Joshua Drake na kamfanin Zimperium, ya tona wata ɓaraka a sashen Android mai buɗe bidiyo, wanda ake kira Stagefright. An ƙiyasta wayoyi kusan miliyan 950 abin ya shafa. Abin firgitarwar shi ne ba sai ka taɓa komai ba. A turo maka saƙon bidiyo ta layi, wayar ta fara sarrafa shi da kanta kana barci, an gama. Bayan wannan tonon silili ne Google ya fara fitar da facin tsaro wata-wata, daga Agustan wannan shekarar. A 2019 kuma aka gano ana shiga wayoyi ta kiran WhatsApp, ko mai wayar bai ɗauka ba, a dasa masa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila. WhatsApp ya ce mutum kusan 1,400 aka hara, har ya maka kamfanin a kotu a Amurka. Abin da aka ce wa sauran duniya ta yi a lokacin bai wuce ta sabunta ba.

Na san me za a ce. Wa zai kashe maƙudan kuɗi don ya leƙa wayar mai ƙuli-ƙuli? Gaskiya ne, ba don Gwaggo aka ƙera Pegasus ba, 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka ake bi da ita. Amma akwai wani abu game da faci da ba a cika faɗa ba. Ranar da aka fitar da shi, ranar aka yi shelar inda tsagar take. Google yana wallafa jerin ɓarakar da ya toshe kowane wata, kowa yana iya karantawa, har da ɓarawo. Abin da jiya sirri ne mai tsada a hannun ƙwararru, nan gaba kaɗan sai ya faɗo hannun ƙananan 'yan damfara, su cusa shi cikin manhajar ba da bashi ko ta kallon ƙwallo kyauta. Wanda ya yi faci ya fice daga sahu. Wanda bai yi ba, an dai sanar da gari cewa sakatar ƙofarsa ta karye, kuma har yanzu yana barci a bayanta.

Na ce bari in yi mata. A daren nan na gane cewa masu cewa mutanenmu ba su damu da tsaron waya ba, ba su taɓa gwada sabunta wayar talaka ba.

Da farko wayar ta ce babu wuri. Gigabait 32 aka rubuta a kwali, amma tsarin wayar da manhajojin da ta zo da su sun lashe kaso mai tsoka tun kafin a kunna ta, sauran kuwa WhatsApp ya cike shi maƙil. Gwaggo tana cikin zauren dangi, da na 'yan adashi, da na matan Islamiyya, kuma duk wa'azin da aka turo, da bidiyon biki, da gaisuwar Juma'a mai furanni, wayar sauke su take da kanta ta adana. Wa'azi guda na same shi sau uku, kowane zaure da nasa. Shi kuwa faci yana buƙatar wurin sauka, sannan yana buƙatar ƙarin wurin da zai baje kansa, kamar mai shanyar hatsi da ke neman filin da ya fi buhun faɗi. A cikin saitin na WhatsApp, sashen ma'adana, akwai inda yake jera manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa hannu-hannu. Nan muka zauna, jikar tana nuna mata ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, wanga a goge?"

"A'a, ɗaurin auren ɗan maƙwabciyata ne."

"Wanga fa?"

"Bar shi. Malamin ya rasu."

Mun fi awa guda ba mu goge abin kirki ba. Daga ƙarshe katin memori na ciro daga tsohuwar wayata muka kwashe su can, na kuma hana wayar sauke bidiyo sai an danna. Wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya rubuta cewa a share abubuwan da ba a buƙata, bai san cewa a wayar Gwaggo babu abin da ba a buƙata ba.

Da wuri ya samu, sai ta ce ita waifai take so. Gida nawa ne a Tudun Wada ko Sabon Gari ke da waifai, balle a Ƙaura? Na buɗe mata datar wayata ta jona. Facin ya kusa gigabait guda, domin na watanni ne aka haɗa wuri ɗaya. Gwaggo datar ɗari biyu take saya, ta lallaɓa ta kwana biyu ko uku, kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin layi ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, lallaɓawar ta ƙaru. Ka ce wa irin wannan mata ta ƙona ribar kwalba da yawa a kan abin da idonta ba zai gani ba, ta kalle ka ta yi shiru, ba jahilci ba ne. Lissafi ta yi, kuma lissafin ya fita.

Ana tsakiyar saukewa sabis ya tsinke. Wasu wayoyin in haka ta faru suna ɗorawa daga inda suka tsaya, wasu kuwa komawa farko suke yi, kuma tata tana cikin na biyun. Muka bari sai da dare ya raba, lokacin da layi ke sakin jiki. Da ya gama sauka sai ta ƙi girkawa, wai caji bai kai ba, ga shi an ɗauke wuta tun magariba. A nan dai ban ga laifin wayar ba. Idan batir ya mutu tana tsakiyar rubuta sabon tsarin a kan tsohon, tana iya tsayawa ba tsoho ba sabo, ta riƙa nuna tambarin kamfani tana mutuwa tana tashi har abada. Tun daga Android 7 a 2016 Google ya fito da dabarar ɗaki biyu, a yi yaɓe a ɗaya kana zaune a ɗayan, in ya yi kyau ka koma, in ya ɓaci kana nan inda kake. Amma ba kowane kamfani ne ya ɗauki dabarar da wuri ba, don tana cin wuri. Fawa banki na aro a maƙwabta.

Wani ƙaramin abu da ke hana sabuntawa, wanda na taɓa yini a kansa a wayar wani abokin aiki kafin in gano, shi ne agogo. Idan kwanan watan waya ya karkace, ya koma shekarun baya saboda an cire batir ko yara sun taɓa, ba za ta yarda da takardar shaidar da kamfanin ya nuna mata ba, sai ta yi ta cewa haɗi ya gaza. A mayar da agogon ya riƙa saita kansa daga layi, a kashe wayar a kunna, sau da yawa iyakarta ke nan.

Wajen ƙarfe biyun dare ta fara girkawa. Fuska ta yi baƙi, tambari ya fito ya tsaya cak. Gwaggo, wadda na ɗauka ta yi barci, ta ɗago kai daga tabarma.

"Ka kashe mani ita, ko? Dama sai da aka hana ni."

"Gwaggo, ki ba ta minti goma."

Ta ɗauki kusan ashirin. A wannan tsayuwar mutane da yawa ke kashe wayoyinsu da hannunsu, su ga shiru ya yi yawa su danne maɓalli ko su zare batir. Ta tashi lafiya. Washegari ta yi ɗan zafi, caji ya riƙa zuba, domin tana sake shirya manhajojinta, kafin jibi ta koma daidai.

Sai na shiga saitin, can ƙasa inda ake bayanin waya, don in nuna wa jikar kwanan watan facin tsaro, wanda duk mai Android ya kamata ya san wurinsa. A nan gwiwata ta yi sanyi. Bayan duk wahalar nan, kwanan watan da ya fito ya haura shekara guda da wucewa. Na sake danna neman sabuntawa, wayar ta amsa da fara'arta cewa tana kan sabon tsari, babu abin da ya rage. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta faɗi gaskiya ba. Nufinta kamfanin ya daina aiko mata, facin da muka kwana a kansa shi ne na bankwana. Wayar da Gwaggo ta saya sabuwa a kwali, ba ta cika shekara uku a hannunta ba, kamfanin da ya ƙera ta ya sallame ta ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Idan na shiga kemis na sayi maganin zazzaɓi, ina juya kwali in ga lambar NAFDAC da ranar da zai daina aiki. Madarar gwangwani tana da ita, har ruwan leda. Gwaggo da ba ta karatu takan ce wa yaro ya duba mata ko magani ya mutu. Amma na'urar da ke riƙe da asusunta, da layin da aka haɗa da lambarta ta NIN da BVN, da hotunan jikokinta, ana sayar mata da ita babu wanda ya ce ga ranar da za a daina kula da ƙofarta. Ranar tana nan, kamfanin ya san ta ko ya kusa saninta tun kafin wayar ta hau jirgi. Mu ne kawai ba a gaya wa ba.

Kuma ba abu ne da ya gagara ba. A Ingila, tun 29 ga Afrilun 2024 doka ta tilasta wa masu ƙera na'urori masu hawa intanet su bayyana mafi ƙarancin lokacin da za su riƙa aiko facin tsaro. Tarayyar Turai ta wuce nan, daga 20 ga Yunin 2025 duk sabuwar wayar da za a shigar kasuwarta sai an ci gaba da sabunta tsarinta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Google ya yi alƙawarin shekara 7 ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a farkon 2024. iPhone 6s da ta fito a 2015 ta ci gaba da samun faci har bayan ta shekara 8. To amma waɗannan wayoyin masu hannu da shuni ne. Mai kuɗi, wanda in an kwashe masa dubu ɗari zai yi tsaki ya wuce, shi ke da doguwar kariya. Mai ƙuli-ƙuli, wadda dubu ashirin ce jarinta kaf, ita ke da gajeriya, kuma ba ta san tsawonta ba.

Ba na jahiltar dalilin. Faci ba ya tashi daga Google ya faɗo wayarka kai tsaye. Sai ya bi ta hannun masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su MediaTek da Qualcomm da Unisoc, su daidaita nasu ɓangaren, sannan kamfanin wayar ya haɗa shi da kwalliyar da ya yi wa Android, ya gwada a kan kowane samfuri, ya saki rukuni-rukuni. Shi ya sa za ka ga abokinka ya samu yau, kai sai bayan mako biyu, ba wai wayarka ce ta lalace ba. Kowane mataki injiniyoyi ne da albashi. Kamfanin da ke fitar da samfura barkatai a shekara, yana cin 'yar riba a kan kowace, ba zai iya renon su duka shekara 7 ba. Na yarda, kuma ban manta cewa arahar nan ce ta sa waya ta shiga hannun Gwaggo tun farko ba. Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, sun kai intanet ƙauyukan da manyan kamfanoni ba su san da zamansu ba. Don haka ban ce kowa ya ba da shekara 7 ba. Cewa na yi kowane kamfani, babba da ƙarami, ya rubuta. In shekara 2 ce, a buga a kwali da manyan baƙaƙe, wata kaza shekara kaza. NCC tana tantance kowane samfurin waya kafin a halatta sayar da shi a Najeriya, ƙara wannan sharaɗi cikin takardun ba zai ci mata ko kwabo ba. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma hurumin nata ne. Ranar da mai saye ya ga waya biyu farashi ɗaya, ɗaya ta ce 2027 ɗaya ta ce 2029, kasuwa da kanta za ta yi sauran aikin.

Akwai ɗan sauƙi, don kada in yi rowar gaskiya. Tun daga Android 10 a 2019, Google ya ware wasu sassan tsarin yana sabunta su da kansa ta Google Play, ba tare da jiran kamfanin waya ba. Yana da nasa kwanan watan daban a sashen tsaro, kuma na Gwaggo da na danna ya motsa ya zo kusa. Manhajoji irin su WhatsApp da na banki su ma ta Play Store ake sabunta su, ba ruwansu da wancan. Amma wannan gyaran tagogi ne, tsagar da ke cikin harsashin gini sai mai ginin. Su ma manhajojin ba sa jira har abada, a watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan duk wayar da ba ta kai Android 5 ba.

Sai maganar da Gwaggo ta yi cikin dare, cewa dama an hana ta. Wa ya hana ta? Kowa. A majalisa, a tasha, a wajen mai caji, magana ɗaya ce, afdet yana kashe waya, dabara ce don ka sayi sabuwa. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin camfi, sai na tuna cewa a watan Disambar 2017 Apple da bakinsa ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone masu gajiyayyen batir ta hanyar sabuntawa, bai kuma gaya wa masu su ba. Ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato ne, amma Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020 saboda ɓoyewar. Zargin yana da uwa. Kuskurenmu shi ne haɗa abu biyu a kwano ɗaya. Akwai babban sauyi, daga Android kaza zuwa na gaba, mai canja fuskar waya, wanda kan yi wa ƙaramar waya nauyi. Akwai kuma facin tsaro, wanda galibi ƙarami ne, ba ya canja komai da ido zai gani. Wanda ya ji tsoron na farko ya jinkirta, ya tambayi waɗanda suka riga shi, ban ga laifinsa ba. Na biyun ne bai kamata ya kwana ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu da muke tsoron facin da ya zo daga kamfanin wayar, ba ma tsoron abin da ya zo daga wanda ba mu sani ba. Yaro zai ƙi sabuntawa wata shida, amma ya karɓi GB WhatsApp ta Xender daga wayar abokinsa don ya karanta saƙon da aka goge, manhajar da ba WhatsApp ya yi ta ba, ba kuma wanda ya san me aka cusa a ciki. Waya ta ɗan yi gardama, sai a ce a kai ta filashin, wato a goge tsarinta a ɗora mata wani. Ina girmama masu gyaran waya, samari ne da suka koyi sana'a da kansu suna ciyar da gidaje, kuma akwai ƙwararru na gaske a cikinsu. Amma filashin ya zama allurar da ake yi wa kowace cuta. Tsarin da aka kwaso daga wani shafin da ba a san mai shi ba, in bai dace da samfurin ba, wayar na iya daina karɓar faci gaba ɗaya, wani lokaci manhajar banki ma ta ƙi buɗewa. Kafin a kai ga nan akwai matakai masu sauƙi, a kashe a kunna, a samar da wuri, a gyara agogo, a canja layi ko wurin zama, a goge abin da ya sauka rabi a sake. In ta kai ga mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, a sani komai zai tafi, kuma da ta tashi za ta nemi adireshin Gmail da kalmar sirrin da aka buɗe ta da su. Nan ake kuka, domin rabin mutanenmu yaron shago ne ya buɗe musu ranar da suka saya, bai rubuta musu ba, shi ma ya manta. Na Gwaggo a bayan littafin bashinta na rubuta mata.

Su ma ɓarayin sun san muna rikita faci na gaske da na bogi. A 2021 wata muguwar manhaja mai suna FluBot ta yaɗu ta saƙon tes, wani lokaci ta ce kaya ne aka aiko maka, wani lokaci ta ce wayarka ta kamu, danna nan ka sauke sabuntawar tsaro, alhali ita ce cutar, bayanan banki take kwasa. NCC ta ja kunnen jama'a a kanta a watan Oktoban shekarar. Mu a Zamfara ma a lokacin yawancin ƙananan hukumominmu ba su da sabis, tun da aka rufe layuka a farkon Satumba saboda yaƙi da 'yan bindiga, ka ga gargaɗin da aka saka a intanet ya wuce ta saman kanmu. Ƙa'idar dai gajeriya ce. Facin gaske ba ya zuwa ta tes, ba ya zuwa ta WhatsApp, ba ya zuwa da shuɗin rubutun da za ka danna. Daga cikin saitin na wayar kawai yake fitowa. Wannan jimla, in da za a riƙa faɗinta da Hausa a gidajen rediyo tsakanin sanarwar ɗaurin aure da ta cigiya, da ta fi takardun gargaɗi ɗari da aka rubuta da Turanci amfani.

Ba zan yaudari kowa ba, faci ba ya maganin kowane ɓarawo. Yawancin kuɗin da na ji an kwashe wa mutane a nan, da baki aka kwashe su. A kira ka da murya mai ladabi, a ce daga banki ne, asusunka zai rufe, karanto lambar da aka turo maka. Ko a fizge waya a kasuwa, a zare layin a saka a wata, a shiga asusu da lambobin da ake dannawa. Na farko maganinsa kashe kiran, na biyu saka wa layin kansa lambar sirri, abin da bai kai minti biyu ba kuma kusan ba mai yi. Amma don ɓarawo ya fi shigowa ta zaure ba a barin katangar baya a rushe, musamman yanzu da albashi, da kuɗin taki, da cinikin shanu a kasuwar Talatar Mafara duk suke ratsawa ta cikin wannan ɗan gilashi.

Kamfanonin layi ma suna da rawar takawa. Sun iya ware datar da ba ta aiki sai a WhatsApp, da wadda ba ta aiki sai da tsakar dare, ke nan sun iya gane inda kowane megabait ya nufa. Me zai hana a yafe kuɗin facin tsaro, ko da daga sha biyun dare zuwa asuba ne, lokacin da layin ke zaune ba aiki? Masu cajin waya kuma, da suke da janareto ko sola da kwastomomin da ke barin waya awa biyu, in ɗaya ya sayi ɗan akwatin waifai ya ce caji da faci naira kaza, ya haɗa wuta da intanet da lokaci a rumfa ɗaya, abubuwa ukun da na kwana ina nema. Ban ga wanda ya fara ba tukuna, kuma ina ganin akwai ciniki a ciki.

Wayar Gwaggo dai ba ta da sauran faci. Na cire mata manhajoji biyar da ba ta san da su ba, na toshe hanyar girka abin da bai fito daga Play Store ba, na saka wa layin lamba, na ce kada ta bar kuɗi masu yawa su kwana a asusun da ke wayar. Ta ce dama ba su da yawan. Da safe na kai ta tasha, ta ɗaure wayar cikin ledarta, ta ce ƙudan dai ya tafi, Allah ya yi albarka.

Daga tasha na biya kasuwar 'yan waya in ji farashi, ko zan iya canja mata bayan girbi. Wani saurayi mai fara'a ya zaro mini guda uku ya jera bisa gilashi, ya fara zuba bayani, kyamara kaza, batir kaza, wannan tana kwana biyu ba caji.

"Madalla. Wannan ta tsakiyar, har yaushe za su riƙa aiko mata facin tsaro?"

Ya ɗauki kwalin ya juya gaba, ya juya baya, ya karanta gefe. Ya leƙa shagon kusa ya tambayi maƙwabcinsa, shi ma ya zo ya juya kwalin.

"Wallahi Alhaji ba su rubuta ba. Amma akwai garanti na wata goma sha biyu, kuma zan ƙara maka da kwandon waya kyauta."